Sabuwar Malamar Yagana

Litinin, 11 ga Oktoba 1976, bayan la'asar

An kawo mana sababbin malamai yau. Tun da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta, Fagge kaf ta juye mana 'ya'yanta, har gindin darbejiya ya zama aji. Ni 'yan aji ɗaya nake fama da su, kafin tashin tara muryata ta dishe.

A cikin sababbin akwai wata 'yar Ibo, Misis Bridget Nwabueze. Doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan magana. Na yi mata barka da zuwa da Turanci, sai ta yi murmushi ta amsa mini da Hausa tas.

"Malama Falmata, ai ni 'yar nan ce. A Sabon Gari aka binne cibiyata. Shekara goma rabona da Kano, sai bana muka dawo."

Na ce Allah sarki.

Hedimasta, Malam Sammani, ya ba ta aji bakwai. Aji bakwai ba ɗaya ba ne a makarantar nan, amma wanda Yagana 'yata take ciki, shi aka ba ta.

Laraba, 13 ga Oktoba, lokacin tara

Na wuce ta tagar ajinsu. Da hagu Misis Bridget take rubutu a allo.

Laraba, bayan magariba

Bahagwai suna da yawa a duniya. Mun sha fama da Yagana tana ƙarama, Kaka, uwar mijina, har ɗaure mata hannun ta yi da ɗankwali lokacin cin abinci. Ta koyi ci da dama, amma alƙalami ya ƙi barin hagu. A danginmu babu bahago. A dangin mijina Ba Modu ma babu.

Arashi ne. Na rubuta don in gan shi da idona: arashi ne.

Juma'a, 15 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Na sa sabuwar atamfata yau, koriya mai zanen kifaye, wadda na zaɓa da kaina a Kwari ranar da rumfuna suke maƙil da kaya har ba wurin sa ƙafa. Ina shiga ɗakin malamai aka kwashe da dariya. Misis Bridget na zaune sanye da irinta sak. Malamai suka ce anko muka yi, wa zai yi aure? Ita ma ta yi dariya, ta ce, "Malama, idonmu ɗaya ke nan."

Na yi yaƙe. Da na dawo gida na cire ta na tura ƙasan adaka.

Yaushe ta ga na saye ta? Ko tana Kwari ranar, a bayana?

Litinin, 18 ga Oktoba, da yamma

Yagana ba ta da zance sai na sabuwar malamarsu. Malama ta ce kaza, Malama ta yi kaza. Wai ta ce mata ita ce ta fi kowa lissafi, in ta dage za ta ci jarrabawar shiga sakandare ba wahala. Tana wanke-wanke na ji tana ƙirga kwanuka da wani yare. Na ce mene ne wannan? Ta ce ƙirgan Ibo ne, Malama ta koya musu don wasa, su kuma suka koya mata na Barebari.

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Bakinta bai yi tuntuɓe ko kaɗan ba.

Na daka mata tsawa na ce ruwa take ɓarnatarwa. Ta kalle ni, ba ta san laifinta ba.

Alhamis, 21 ga Oktoba, bayan azahar

A ɗakin malamai ana hirar tsadar haya, yadda kuɗi suka yi yawa a gari har ɗaki ɗaya ya gagari malami. Wani ya tambayi Misis Bridget ko sun samu tsohon gidansu. Ta ce a'a, yanzu otal ne. Ta ce da a Titin Warri suke, bayan garejin manyan motoci.

A garejin nan Ba Modu yake kwana da motarsa a wancan lokacin, sa'ad da yake dakon gyaɗa.

Na tashi na fita. Na tsaya a bakin famfo ina wanke hannun da ba abin da ya taɓa.

Asabar, 23 ga Oktoba, da hantsi

Ba Modu ya dawo daga Ikko jiya da lodin siminti, baƙi ƙirin da gajiya. Yana cin tuwo yana ba ni labari. Wai bayan Kwanar Ɗangora fanbel ya tsinke masa, a dokar daji, motoci sai wucewa suke. Sai ga wata farar Fijo ta tsaya. Mai ita ɗan Ibo ne, mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, kuma a but ɗinsa akwai irin fanbel ɗin daidai. Ya tuɓe rigarsa ya taya yaran mota ɗaurawa.

"Sunansa Sylvester. Mutumin kirki. Kin san abin mamaki? Matarsa a makarantarku take koyarwa."

Na ce, "Wace ce?" ko da yake na sani.

Ya faɗi sunan yana suɗe hannu.

Na ce, "Baban Yagana, hanyar nan motoci nawa ne ke bin ta a yini? A ce cikinsu duk sai shi?"

Ya ce, "To Allah ne ya kawo shi mana. Da kin fi so in kwana a daji?"

Na gaya masa komai, da hagun, da Titin Warri, da shekara goman. Ya ture kwanon gefe. Sannan ya ce mutanen da suka bar Sabon Gari a shekarar rikicin ba su ƙirguwa, waɗanda suka dawo ma ba su ƙirguwa, in na ce zan bi kowa da ido zan haukace. Ya ɗauki buta ya fita.

Bai yi mamaki yadda ya kamata ba. Abin da ya tsaya mini ke nan.

Lahadi, 24 ga Oktoba, da safe

Ana jin ƙararrawar cocinsu har nan Kwaciri in iska ta juyo. Shekara da shekaru ina jin ta ban taɓa kula ba.

Laraba, 27 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau Misis Bridget ta same ni a gindin darbejiya. Ta ce tana so ta riƙa yi wa Yagana ƙarin darasi ranar Asabar a gidanta, ba ko kwabo, don yarinyar tana da kai. Na ce Asabar tana zuwa allo. Ta ce to da yamma. Na ce da yamma tana taya Kaka aiki, tsohuwar tana shirin Makka.

Sai ta ce, "Shekarunta sha biyu ne ko sha uku? Saboda jarrabawa. A asibiti aka haife ta?"

Na ce a gida. Na ce a Dikwa, wurin dangi.

Ta kalli Yagana can tana 'yar gala-gala da ƙawayenta, ta daɗe tana kallo. Ta ce, kamar ba da ni take ba, "Da Adaeze tawa tana nan, da ita ma tana aji bakwai."

Ban tambaye ta ina Adaeze take ba. Aka kaɗa ƙararrawa.

Laraba, bayan isha'i

Ba ta ce ta mutu ba. Cewa ta yi da tana nan.

Juma'a, 29 ga Oktoba, da yamma

Na kasa cin abinci. Kaka ta lura. Tana zaune tana ƙulla garin ɗanwake da kuka a leda don tafiya, wai an ce mata abincin Makka ba ya riƙe ciki. Ta ce, "Falmata, ciwo ne ko tunani?"

Na gaya mata. Na zaci za ta razana. Sai ta ci gaba da ƙulle-ƙullenta, ta ce babu abin da ke faruwa haka kawai, ganye ma ba ya faɗuwa sai da izini. Na ce to ke nan an aiko ta ne? Ta ce, "Kowa ma aiko shi aka yi. Ke ma aiko ki aka yi."

Wannan ba amsa ba ce.

Na tuna tun da ta samu kujera take yawan cewa tana so ta tafi da zuciya wasai, ba ta riƙe da hakkin kowa. Kuma makon jiya ta ce za ta je asibiti a yi mata allurar alhazai, ta yini ba ta dawo ba. Allura ce za ta ci yini guda? Ta ce layi ne. Wataƙila layin ne.

Litinin, 1 ga Nuwamba, kafin a tafi makaranta

Na ce wa Yagana in an yi hutu za ta tafi Maiduguri wurin yayata Gumsu, ta zauna can ta yi makaranta. Ta ce jarrabawar fa? Na ce can ma ana yi. Ta ce ba ta san kowa ba a can, me ta yi mini? Ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta tafi ba ta karya ba.

Ba Modu ya ce ba inda za ta je. Bai taɓa yi mini magana da irin wannan murya ba. Me ya sa yake so ta zauna kusa da matar nan?

Talata, 2 ga Nuwamba, bayan azahar

Na shiga ofishin hedimasta. Na faɗi abin da na faɗa.

Alhamis, 4 ga Nuwamba, da yamma

Ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Na taɓa jin ta tana rera wani abu kamar waƙar coci ƙasa-ƙasa tana duba littattafan yara, kuma yaran suna ciki. Ajina yana jingine da nata. Na ji.

Malam Sammani ya ce magana ce babba, iyaye in suka ji ba za a kwashe lafiya ba, gara ya kai ta gaba da kansa tun da wuri. Ya yi mini godiya.

Yau ba ta shigo ɗakin malamai ba. A aji ta ci abincinta.

Asabar, 6 ga Nuwamba, da safe

Sylvester ya aiko wa Ba Modu da kalanda mai hoton mota da kwalin madara. Na ce a mayar. Ba Modu ya rataye kalandar a zaure.

Litinin, 8 ga Nuwamba, bayan la'asar

An ce za a mayar da ita wata makaranta can bayan Gezawa, inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Yagana ta dawo ta shige ɗaki ta kwanta. 'Yan ajinsu wai har da masu kuka.

Ya kamata in ji sanyi. Na yi sallar la'asar na rasa raka'a nawa na yi, na sake.

Laraba, 10 ga Nuwamba, lokacin tara

Mun yi kiciɓis a bakin famfo. Ta ce, "Ina kwana, Malama." Na ce lafiya lau. Idonta a kaina har na juya.

Asabar, 13 ga Nuwamba, bayan azahar

Ta zo gidan nan.

Bari in rubuta shi yadda ya faru, kada gobe zuciyata ta ƙara masa wani abu.

Da hantsi ne. Ba Modu ya tafi gareji, Yagana ta tafi kitso maƙwabta, Kaka tana ɗakinta. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa na ji sallama. Na ɗago, ga ta tsaye da jaka a hammata. Na shimfiɗa mata tabarma, ba ta zauna ba.

Ta ce, "Malama Falmata, me na yi miki?"

Na ce ban gane ba.

"An ce ina koya wa 'ya'yan Musulmi waƙar coci. Hedimasta bai faɗi suna ba, amma ajin wa ke jikin nawa? Ni da na dawo garin nan a tsorace, mijina ne ya matsa. Kin san abin da irin wannan magana take iya jawowa. Kin sani, kina nan aka yi. Ba zancen Gezawa ya kawo ni ba, zan je. So nake in ji laifina."

Na buɗe baki zan ce ba ni ba ce. Abin da ya fito daban ne. Na ce, "Kin zo ki ɗauke ta ne?"

Ta ce, "In ɗauke wa?"

Na ce, "Adaeze ɗinki."

Ta tsaya tana kallona kamar na yi mata wani yare. Sai ta nemi turmi ta kifa ta zauna a kai. Ta ajiye jakar a ƙasa.

Ta ce, "Da Adaeze na fita Kano. A bayana take, a jirgin ƙasa, har muka isa gida. Yaƙi ne ya cinye ta. Ba harsashi ba, yunwa. Cikinta ya kumbura, gashinta ya yi ja, ta daina kuka. Ni na haƙa mata rami da fartanya a bayan gidan surukata, don maza duk sun tafi. Ni na sa ta, ni na rufe."

Ba ta yi kuka ba. Na sauke tiren shinkafar daga cinyata.

Rigar makarantar Yagana tana shanye a igiya, ta zuba mata ido. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata, na gan shi a fuskarta. Ta juyo a hankali ta ce, "Malama. Ba ke kika haife ta ba."

Ba wanda ya taɓa faɗin wannan a gidan nan da murya. Kaka ta yi gyaran murya daga ɗaki, ba ta fito ba.

Na gaya mata. Yadda a safiyar nan ta rikicin, shekara goma da suka wuce, gari yana hayaƙi, Ba Modu ya yi sammako ya fitar da motarsa daga gareji don kada a ƙone ta. Sai da ya iso ƙofar gida ya kashe inji ya ji kuka a ƙarƙashin tamfol, tsakanin buhunan gyaɗa. Yarinya ce da ba ta wuce yaye da yawa ba, da guntun burodi a hannunta. Ba ita ta hau ba, motar ta fi ƙarfinta. Wani ne ya ɗora ta ya rufe. Muka jira a zo nema. Wa zai zo? Unguwar ta zama kango. Kaka ta yi mata aski ta sa mata suna. Daga baya muka taso daga tsohon gida muka dawo nan Kwaciri, inda ba wanda ya san ban taɓa haihuwa mai rai ba.

Ta ce, "Bayan yaƙi ba ku yi cigiya ba?"

Na ce Ba Modu ya so a yi. Na ce masa a bari tukuna.

Ta gyaɗa kai. Ba ta zage ni ba. Na so ta zage ni.

Ta ce, "Ba zan gaya wa kowa ba, har Sylvester. Ba maganata ba ce. Amma zan gaya miki abin da na sani, ki yi yadda kika ga dama da shi. Akwai wata a cocinmu, Comfort, tana sayar da manja a kasuwar Sabon Gari. A layinmu take da. A ranar ta rabu da 'yarta, ba ta taɓa faɗin yadda aka yi ba. Ana gama yaƙi ta dawo ita kaɗai, ta ƙi komawa. Kada ki ce na ce ita ce. Ba ita kaɗai ba ce, irinta suna da yawa." Sai ta ce, "Da wace irin riga yarinyar ta zo?"

Na ce na manta.

Ta ɗauki jakarta. A zaure suka yi karo da Yagana, kanta ya sha kitso. Yarinyar ta yi tsalle ta riƙe mata hannu, "Malama! Gidanmu kika zo?" Ta ce, "Na zo gaida Innarki ne. Ki dage da lissafi."

Ban manta ba.

Lahadi, 14 ga Nuwamba, da safe

To duk arashi ne ke nan. Hagun, atamfar, garejin, fanbel. Ba ta san komai ba sai da na buɗe bakina na gaya mata. Wata guda ina gudun mace, ashe ni na je na kamo hannunta na kawo ta tsakar gidana.

Lahadi, da yamma

Ko kuwa?

Wa ya ga kabarin? Ni dai ban gani ba. In Comfort ɗin ce ta turo ta fa, ta ce je ki makarantun Fagge ki duba mini? In labarin fartanyar an shirya shi ne don in saki jiki? Ai kuwa na saki. Cikin ɗan lokaci ta samu abin da na riƙe shekara goma.

Amma na ga hannunta lokacin da take faɗa. Tana ta murza tafinta da babban yatsa, wurin da ƙotar fartanya ke ci. Mutum yana iya shirya wannan?

Litinin, 15 ga Nuwamba, bayan azahar

Na koma wurin Malam Sammani na ce ban ji daidai ba, ba waƙar coci ba ce, kuma ba yaran take koya wa ba. Ya cire tabarau ya kalle ni. Ya ce, "Malama Falmata, ke ba yarinya ba ce." Ya ce zai gwada, amma magana ta riga ta bar hannunsa.

Talata, 16 ga Nuwamba, bayan magariba

Na tsare Ba Modu na ce ya rantse bai taɓa gaya wa Sylvester ba, bai san shi ba kafin ranar nan. Ya rantse. Ya ce, "Fanbel ne ya tsinke, Falmata. Ni na tsinka shi?"

Na gaya masa zancen mai manja. Ya zauna a bakin gado ya dafe kai. Ya ce duk lokacin da ya ɗaga tamfol, har yau, sai gabansa ya faɗi. Ya ce shi ba zai tilasta mini ba, ni na yi goyo, ni na yi jinyar ƙyanda. Amma in yarinyar ta ji a bakin wani, ba za ta yafe mana ba.

Na ce a bakin wa za ta ji? Ya tashi ya fita zaure.

Alhamis, 18 ga Nuwamba, bayan la'asar

Mun raka Kaka sansanin alhazai. Jama'a kamar ƙasa, bana kowa ya samu kuɗin Makka, har mai shayin bakin layinmu. Jirage sai tashi suke, ba a jin magana sai an ɗaga murya. Yagana ta tafi sayo mata ruwa, na matsa kusa na ce, "Kaka, tsakaninki da Allah, ranar allura ina kika je?"

Ta yi dariya har tana tari. Ta ce layi ta bi, ta nuna mini tabon a damtsenta.

Na ce to duk abin nan da ya faru, alama ce aka yi mini ko ba komai ba ne?

Ta ce, "Ke ce mai neman alama. Ni abin da na sani, wata mata ta ɗaga tamfol ta sa 'yarta ta sauke, ta juya. Kullum in na yi sallah sai na sa ta a addu'a, ban san sunanta ba. Can ma zan sa ta."

Aka kira 'yan jirginsu. Ta shafa kan Yagana, ta ce mata wani abu da Barbarci a kunne, ta shige cikin mata.

Juma'a, 19 ga Nuwamba, da yamma

Yau ce ranar Misis Bridget ta ƙarshe. Malam Sammani bai iya tsayar da abin ba. Na same ta tana kwashe kayanta na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na ji." Ba ta ce ta yafe ba. Da zan fita ta ce, "Layin 'yan manja, rumfar da ke kusa da masu doya."

Ban tambaye ta ba.

Asabar, 20 ga Nuwamba, bayan azahar

Mun je. Na ce wa Yagana ta rako ni cefane.

Kasuwar ta cika, masu rediyo kowa ya ƙure nasa, 'yan dako suna ta a ba su hanya. Na riƙe hannunta gam har ta ce ina ji mata ciwo. Muka wuce masu doya. Ban yi tambaya ba na gane ta. Gajeriya ce, siririya, gashinta ya fara fari, zaune a bayan garewani. Tana zuba wa wata mata manja a kwalba, amma idonta ba ya kan kwalbar. Yana kan hanya. Duk yarinyar da ta gifta sai ta bi ta da kallo har ta ɓace.

Na ce a ba ni kwalba. Ta ce, "Sannu Hajiya," da Hausarta mai ɗan nauyi. Sai ta ga Yagana.

Ta kalle ta tun daga kitso har silifas. Ni kuma ina kallon su biyun. In na duba goshi sai in ga kama, in na duba baki sai in rasa.

Ta ce, "'Yan mata, shekarunki nawa?"

Yagana ta ce sha biyu.

"Kina makaranta?"

"Aji bakwai."

Ta ce, "Madalla. Allah ya raya miki, Hajiya." Ta ƙara mana gyara har kwalbar ta tumbatsa, ta toshe da ganye ta miƙo. Wata yarinya mai tallan lemo ta gifta, idonta ya bar mu ya bi ta.

Shi ke nan. Ba ta san ta ba. Ko ba tata ba ce, ko shekarun sun yi yawa, ban sani ba. Na tsaya da kwalba a hannu na kasa tafiya, sai da Yagana ta ja mayafina.

Muka kama hanya, muka tsallako titi muka shigo Fagge. Sannan ta ce, "Inna, mu da ba ma girki da manja?"

Na ce yau za mu yi.

Ta ce, "Matar nan kin san ta ne? Na ga kina kuka."

Na ce hayaƙin masu suya ne. Ta yi mini kallo irin nata, wanda na san ba ta yarda ba.

Da muka iso na ce ta je ta wanke ƙafa ta yi sallah, ta zo ɗaki ina da magana da ita. Ta ce zancen Maiduguri ne? Na ce a'a, ba za ki Maiduguri ba. Na aika a kira Ba Modu daga gareji, ya zo yana zaure, ya ce in fara zai shigo.

Ban san da wace kalma ake farawa ba. Na ji ta sallame. Ga takunta nan.